Waƙar da Aka Ce Ni Na Rubuta

Da zarar zangon karatu ya raba tsakiya, bencin ƙofar shagona ya daina hutawa ke nan. Za ku zo min ku uku ku huɗu, takarda a hannu, ku ce malamar Hausa ta ba ku aikin gida: a rubuta waƙa, a sa kamantawa, a sa mutuntarwa, a sa kambamawa, kuma amsa-amo ya zauna. Sai mai baki a cikinku ya ƙara da cewa, “Baba, ai ba wani abu ba ne, five minutes ka gama mana.” Idan na ce ba na rubuta wa ɗalibi aikin makaranta, ku dinga kallona kamar na hana ku ruwan sha. To ku gyara zama, yau zan gaya muku dalili, in kuma gaya muku abin da kuke kira ba wani abu ba.

Baba Sani mai waƙa ake ce mini. Tun gashina yana baƙi nake zaune a wannan shago na bayan kasuwar Samaru, mai hoto a damana, tela a haguna. Sana'ata rubuta waƙa ga wanda ya zo nema. Na rubuta ta walimar saukar karatu, na rubuta ta bikin aure, na rubuta wa matan zumunta na coci ta godiyar kaka, na rubuta wa sojan da ya yi ritaya a Basawa ta ban kwana da abokan aikinsa. Har wani Inyamiri mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ya taɓa zuwa a yi masa ta talla, yana ta ce mini, “Baba, make am sweet o.” Na yi masa, kuma ta yi daɗin, don har yaran unguwarsu sun ɗauka suna rerawa. Ban yi gidan bene da wannan aiki ba, amma da shi na ciyar da iyali, kuma ba a taɓa dawo mini da waƙa an ce ba ta reru ba.

Kayan aikina kuna ganinsu: biro, takardar fulskaf, da tsohuwar tafureta da na ƙi rabuwa da ita ko da yake yanzu maƙwabcina ke buga mini a kwamfuta. Amma waɗannan duk 'yan rakiya ne. Ainihin kayan aikin su ne maƙogwaro, da tafin hannu, da cinya. Waƙar Hausa ko an rubuta ta, don a rera ta aka yi ta. Kowane layi, wanda muke kira ɗango, yana da nauyinsa da tafiyarsa, shi ne kari. Ido ba ya ganin kari, kunne ke jinsa. Shi ya sa kuke ganina ina gunguni ni kaɗai ina bugun cinya, kuna ƙunshe dariya. Awo nake yi. Ɗangon da ya fi 'yan'uwansa tsawo, hannu zai sauka kafin baki ya ƙarasa, nan take ka san ya yi ɗingishi.

Aikin da ya fara buɗe mini ido na wata gingimari ne. Lokacin ina koyo a hannun Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, a wani ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari. Wani Alhaji ya sayi sabuwar mota yana so a yi mata waƙa, Malam ya ce in gwada. Na zauna na zuba mata zaki, na zuba mata gaggafa, na ce gudunta ya fi walƙiya. Malam ya karanta, ya tauna goronsa, ya tambaye ni a ina na taɓa ganin zaki. Na ce a littafi. Ya ce to mai littafin ya riga ya ci ladan zakinsa, ni in nemi nawa. Ranar kasuwar Giwa ya sa aka ɗora ni a bayan motar, a kan buhunan masara, muka je muka dawo. Na dawo bayana yana ciwo, amma na ji yadda take nishi idan ta kama tudu, kamar mace mai ɗauke da tulu cike, na ga yadda direban ke shafa mata sitiyari yana lallashinta. Abin da na rubuta ke nan. Da aka rera wa Alhaji sai ya fashe da dariya ya ce wallahi motarsa ce. Daga ranar ban ƙara kamanta wani abu da abin da ban gani ba, kuma duk wanda ya zauna a bencina haka nake koya masa.

Muguwar shekarata ita ce wadda abubuwa biyu suka haɗu mini. Ɗakunan ɗaukar waƙa masu fiyano suka cika gari, masu biki suka koma can, domin yaro zai haɗa maka kiɗa da waƙa a wuni ɗaya ko da kalmomin ba su da kai ba su da gindi. Sannan aka shiga dogon yajin aiki a jami'a, Samaru ta yi tsit, har mai shayi ya rage tukunya. Sai in wuni a nan ba wanda ya yi mini sallama. A shekarar ne wasu masu shaguna irin nawa suka gano wata kasuwa: 'yan sakandare da aikin gidansu. A rubuta waƙa ɗaya, a canza mata kai da ƙafa, a sayar wa aji guda. Ni ma an kawo mini, ba sau ɗaya ba, a ranakun da gidana sai kunu. Ban karɓa ba. Na koma buga katin biki da takardun haya a tafureta har Allah ya kawo sauƙi. Ina faɗa da alfahari, kuma ba na jin kunyar alfaharin: duk Samaru da Sabon Gari ba malamin da zai ɗaga takardar ɗalibi ya ce ga hannun Baba Sani.

Wannan sunan ne ya kusa zubewa saboda Saratu.

Saratu 'yar aji biyu ce a babbar sakandare, wata makarantar 'yan mata a nan Samaru. Mahaifinta, Malam Yohanna, mai walda ne a Chikaji. Ita tana cikin mawaƙan cocinsu, saboda haka kunnenta a buɗe yake, wannan na lura da shi tun ranar farko. An ba su aiki su rubuta waƙa a kan sana'ar wani na gida, da adon harshe a ciki. Ba ta ce in rubuta mata ba, ta riga ta rubuto tata, dubawa take so. Na karanta. Mahaifinta jarumi ne kamar zaki, zuciyarsa fara kamar ƙanƙara, ƙaunarsa ta fi teku faɗi. A gefen kowane ɗango ta rubuta sunan adon da ta sa, ta ja masa layi, kamar mai cika sharuɗɗan takardar neman aiki.

Na tambaye ta ko ta taɓa zuwa bakin teku. Ta ce a'a. Na ce ƙanƙara fa, ban da ta cikin firij? Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Na ce mata wannan baban da ta rubuta na kowa ne, ni ma zan iya cewa nawa ne, kuma ko kalma ɗaya ta walda babu a ciki. Na ce ta je Chikaji ta zauna a rumfarsa, kada ta riƙe biro, ta yi kallo kawai. Ranta bai so ba. Ta ce ai kullum tana ganinsa a gida.

“Kina ganinsa ya yi wanka ya sa riga mai kyau,” na ce. “Je ki gan shi inda yake nemo abin da kike ci.”

Ta je ranar Asabar, ta kuma komawa. Da ta dawo bakinta bai rufu ba. Ta ce rigar aikinsa duk ƙananan huji ce, tartsatsi ya cinye ta, idan ya tsaya a rana sai ka ga haske yana ratsa ta. Ta ce wuta na faɗa masa a hannu ko a jikinsa, hira yake da masu jiran aiki. Ta ce idonsa ja wur, amma duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce lafiya lau. Na ce to ga waƙarki nan kin faɗe ta, saura ki sa ta a kari. Na koya mata bugun cinya, na rera mata wani kari mai sauƙi ba tare da kalmomi ba, na koma kan aikina na bar ta. Kwanaki tana zuwa bayan an tashi makaranta, tana rubutawa tana sokewa. Abin da na yi mata bai wuce in ce “sake” ba. Ga yadda ta buɗe:

Tufafin ubana kamar rariya,
Wuta na ta cizo, yana dariya.

Da na ji wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Kamantawa ta zo da kanta, wuta ta sami haƙora, kuma ba wanda ya ja musu layi a gefe. Amma can tsakiya akwai ɗangon da ya ƙi zama. Ta rubuta, “Idan janareta ya yi tari tun safiya.” Tarin yana da kyau, duk wanda ya taɓa tayar da tsohon janareta ya san tari yake yi. Kalmar janareta ce ta yi wa karin yawa, hannu yana sauka baki bai iso ba. Na ce mata ɗangon yana ɗingishi. Ta juya shi ta juya, ya ƙi. Ta roƙe ni in gyara mata wannan kaɗai. Ni kuwa na san maganinsa, ta ce inji a maimakon janareta, ta ɗan matse abin da ya biyo baya, shi ke nan. Kalmar tana kan harshena na haɗiye ta. Na ce mata aikinta ne, ta kai shi da ɗingishinsa. Ta tafi tana fushi da ni.

Mako bai cika ba sai ga wani mutum a ƙofar shagona da hantsi, dogo, hannuwansa duk tabon ƙuna, Saratu a bayansa ido ya kumbura. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, “Malam, yarinyan nan kai ka rubuta mata waƙan?”

Ashe malamarsu ta Hausa, Malama Binta, ta karanta waƙar ta ga ta fi ƙarfin abin da Saratu ta saba kawowa. Wasu 'yan ajin kuma suka ce kullum suna ganinta a bencin mai sayar da waƙa. Dokar makarantar a bayyane take: wadda ta sayo aiki za a ba ta sifili, a kira sunanta a gaban taron safe, a tura ta gida na ɗan lokaci. An kuma ce za a hana 'yan makarantar zuwa shagona gaba ɗaya. Malam Yohanna ya ce shi bai yi karatu mai nisa ba, amma bai taɓa cin na wani ba, kuma ba zai zauna a kira 'yarsa ɓarauniya a gaban mutane ba. Idan kuwa ta yi, to ya ji daga bakina.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ji yunwa saboda kada a faɗi wannan magana a kaina, ga shi an faɗe ta ina da furfura. Na rufe shago, na ɗauki hulata, muka tari Keke Napep mu uku.

Malama Binta ta karɓe mu a ofishin malamai, ta gaishe ni da girmamawa, ta ba ni kujerarta. Malam Yohanna aka miƙa masa wata ta ƙarfe da ƙafarta ɗaya ta ɓalle daga walda, an tokare ta da bulo, ya zauna a ɗofane. Malamar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta san sunana, ta san ba a taɓa kama ni da wannan ba, amma ita ma ta gaji da karanta waƙa ɗaya da sunaye goma, kuma idan ta kau da kai a kan wannan ta zalunci waɗanda suka yi da guminsu. Ban ga laifinta ba. Da ni ne a kujerarta, abin da zan yi ke nan.

Na ce malamar ta rera ɗangon janareta. Ta rera, domin ta san aikinta, kuma ta yi tuntuɓe daidai inda na san za ta yi.

“Malama,” na ce, “da ni na rubuta, wannan ba zai fita daga shagona ba.”

Ta yi ɗan murmushi ta ce ta lura da shi tun farko, amma mai sayarwa mai wayo yakan bar tabo ɗaya da gangan don a ce na yaro ne. Gaskiya ta faɗa, na san masu yin haka. Sai ta juya ga Saratu ta ce ta ajiye takarda ta rera waƙar da ka, daga fari har ƙarshe.

Sai a lokacin na gane Malam Yohanna bai taɓa jin waƙar ba, bai ma san a kansa aka yi ta ba. Ita ta ce masa aikin makaranta ne ya kai ta rumfarsa, shi kuma bai tambaya ba. Saratu ta fara, tana bugun cinyarta a hankali. A kan rariya ya ɗago kai. Da ta zo inda take cewa,

Yakan ɗinke ƙarfe ya ba duniya,
Idon nasa ja ne, ya ce lafiya,

sai ya mayar da idonsa ƙasa, yana murza tabon bayan hannunsa da babban yatsa. Bai ƙara ɗagowa ba har ta gama.

Malama Binta ta ce hadda ba shaida ba ce, kowa zai iya haddace abin da aka ba shi. Ta ce idan Saratu ce ta gina waƙar, to ta ƙara mata baiti ɗaya yanzu, a kan duk abin da ta ga dama a cikin ofishin, da kari ɗaya da amsa-amo ɗaya, kuma da mutuntarwa a ciki. Ni kuma ta roƙe ni in juya fuskata ga taga. Na juya. Ina jin agogon bango, ina jin 'yan aji na can suna maimaita karatu, ina jin tafin hannun yarinyar yana sauka a cinyarta, ya tsaya, ya sake. Na sha rubuta wa manya waƙa suna tsaye a kaina ban ji ɗar ba, amma ranar gumi ya jiƙa mini hula. Ba abin da zan iya yi mata, kuma sunana yana hannunta.

Ta ɗauki lokaci. Har malamar ta fara tattara takardu, sai na ji ta yi gyaran murya:

Kujera ta ofis tana tambaya,
Ina mai wutar nan, ya ban lafiya?

Na juyo ba tare da an ba ni izini ba. Tana kallon kujerar da mahaifinta ke kai, da bulon da ke ƙarƙashinta. Karin ya zauna daram, ko gaɓa ɗaya ba ta yi yawa ba. Ta maimaita lafiya, wadda ta riga ta yi amfani da ita a baya, abin da ni ba zan yi ba, kuma na gaya mata daga baya. Amma a tsaye, a gaban malama da uba, da kora a kan wuyanta, yarinyar nan ta duba ɗaki ta ga abin da ke ciki ta ba shi baki. Ni na yi shekaru a hannun Malam Tanimu kafin in iya haka.

Malama Binta ta sa ta sake rerawa, ta rubuta baitin da hannunta a ƙasan takardar. Sannan ta ce ta janye zarginta, kuma za ta faɗa a gaban ajin kamar yadda aka yi zargin a gaban ajin. Ta ba ni haƙuri, na ce ba komai, aikinta ta yi. Makin kuwa ba ta ba ta cikakke ba, ta zaftare na janareta, ta ce wannan ɗingishin sai an biya shi. Na ji daɗin haka har cikin raina. Saratu ma ba ta yi gardama ba, don ta san abin da ya rage nata ne tsaf.

Saboda haka idan kun zo kun ce in zuba muku kamantawa biyu da mutuntarwa ɗaya cikin minti biyar, ku sani iyawa ba ta gagare ni ba. Amma ranar da za a ajiye muku takarda a ce ku ƙara baiti, ni fuskata tana ga taga.

Muna shirin fita Malam Yohanna ya miƙe. Ya sunkuya ya janye bulon, ya kifa kujerar, ya bi wajen ɓallewar da yatsa yadda likita ke taɓa karaya. Sannan ya saɓa ta a kafaɗa.

“Malama,” ya ce, “kujeran nan zan tafi da shi. Tunda ya yi kira, jibi za a kawo maki.”

Haka ya ratsa harabar makarantar da kujera a kafaɗa, 'yan mata na leƙe ta taga, 'yarsa tana biye da shi da takardarta a hannu.